Zaman Makokin Mai Agogo

Ranar ɗaya ga Oktoba, 1979, soja suka miƙa mulki ga farar hula, ni kuma na ɗauke matata daga Gyadi-Gyadi na kai ta Faransa. Duk unguwa kunne na kan rediyo. Ba wanda ya kula da tafiyarmu sai surukata Inna Kulu da direban tasin da ya kai mu filin jirgi, shi ma don na hana shi ƙara muryar rediyonsa ne.

Sunana Falalu. A lokacin ina koyar da Faransanci a wata sakandare, shekarata talatin da ɗaya, kuma na riga na yanke hukunci cewa daga Tarauni har Hotoro babu mai hankali sai ni. Har yau ban ga hujjar janye hukuncin gaba ɗaya ba. Mutum ɗaya kawai na ƙara, ita ma ta rasu.

An ba ni gurbin ƙaro karatu na shekara uku a wani gari da ake kira Besançon, aka kuma yarda in tafi da iyali. Iyalin nawa Saudatu ce kaɗai. 'Yar Tarauni ce, ta yi allo ta yi aji huɗu na firamare, shekararmu huɗu da aure Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Ni na cika akwatina da littattafai da kwat guda biyu. Ita ta cika nata da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da langa uku, sannan ta naɗe wata tabarmar kaba ta ɗaure a saman akwatin. Na ce mata a Faransa akwai kujeru. Ta ce ta ji, amma kujera mutum ɗaya take ɗauka. Inna Kulu, da ke zaune a bakin gado tana kallonmu, ta ce in bar yarinya da tabarmarta, zumunci a ƙafa yake, ƙafa kuwa in ta isa sai ta nemi wurin zama. Na karanta littattafai da yawa, amma ban ci karo da wanda ya koyar da yadda ake gardama da suruka ba.

Besançon ba babban birni ba ne. Da ƙafa za ka ratsa shi tsakanin azahar da la'asar. Kogi ya kewaye tsohon garin kamar awarwaro a hannu, ya bar 'yar kafa ɗaya, a nan kuma aka gina ganuwa bisa dutse. Gidajen duk na dutse ne mai ruwan toka. Garin masu ƙera agogo ne, da masu cuku mai girman tayar mota. A ƙetaren gada akwai wani mahauci ɗan Aljeriya da muke sayen naman yanka a wurinsa. Ina son garin, gara in faɗa tun yanzu, don kada a ce tsohon nan ba abin da yake yabo.

Mun sami ɗaki biyu da kicin a hawa na uku na wani tsohon gida. Ƙofa shida ce a gidan, kullum a rufe. Fitilar matattakala da kanta take mutuwa kafin ka kai hawa na biyu, kamar ita ma ba ta son a daɗe a waje. Ranar da muka tare na rubuta dokoki a takarda na manna a bayan ƙofa. Ba a daka. Ba a ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Ba a aika abinci. Gaisuwa kalma ɗaya ce, in an faɗa a wuce, ba a tambayar gida da gajiya da sanyi.

Dokar farko ta karye a sati na farko. Saudatu ta sa daddawa a tsumma tana bugawa da kwalba, sai maƙwabcinmu na ƙasa ya bugo silin da sandar tsintsiya. Da na dawo ta tare ni da fara'a, ta ce ashe akwai mutane a gidan, yau ɗaya ya amsa mata. Na bayyana mata cewa wannan ba amsa ba ce, gargaɗi ne. Ta ce ko ma mene ne, mai rai ne ya yi shi.

Babbar Sallah ta same mu wata guda da zuwa. Na sayo cinyar rago a wurin ɗan Aljeriya, ta soya, ta kasa uku yadda aka saba: na gida, na 'yan uwa, na maƙwabta. Ta zuba na maƙwabta a langa ta rufe, ta ɗauki mayafi. Na nuna mata takardar bayan ƙofa. Ta daɗe a tsaye da langar a hannu, sannan ta ajiye, ta zauna a kan tabarmarta.

"Malam, ni ban ƙi garin nan ba," in ji ta. "Ruwa na zuwa, wuta ba ta ɗaukewa. Amma wata guda ke nan ban yi sallama an amsa ba. Idan Maulidi ya zo ban sami ƙofa ɗaya da zan shiga ba, ka mayar da ni Tarauni in jira ka a ɗakin Inna."

Saudatu ba ta barazana, ba ta kuma maimaita magana. Na san in Maulidi ya zo za ta ɗaure akwati. Abin da ban gaya mata ba shi ne ba zan iya zaman garin ba in babu ita. A jami'a ni ne baƙon da in ya buɗe baki sai a yi murmushi, domin Faransancina na littafi ne, ina tambayar hanyar banɗaki kamar mai karanta hukuncin kotu. A ɗakin nan ne kawai nake Malam. In ta tafi, Malam ya tafi. Sai na ce mata za mu gani, muka yi sati biyu muna cin soyayyen naman maƙwabta.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wasu tsofaffi ce, mata da miji. Mijin ya yi ritaya daga masana'antar agogo, ya cika gidansa da agogon bango, bangon kuwa shi ne na kicinmu. Da sha biyun rana sai su ɗauki bugawa, ba tare ba, wannan na gamawa wancan na farawa, kamar ladanan unguwa. Rana a ƙasar nan ba abar dogaro ba ce, a lokacin sanyi sai ta yi kwana huɗu ba ta leƙo ba, don haka da agogon tsoho Saudatu take gane lokacin salla. Ta sa masa suna Mai Agogo. Matarsa, Madam Odile, siririya ce doguwa, gaisuwarta ɗaga haɓa ne kaɗan. Saudatu ta ce ita wannan tana da kirki, ta gani a tafiyarta. Na ce ba a gane kirki a tafiya. Ta ce a Tarauni ana ganewa.

Wata Talata a tsakiyar Janairu, saura sati biyu Maulidi, ina jami'a, ƙanƙara ta rufe gari. Abin da ya faru a gida daga baya na ji shi. Sha biyu ta yi, Saudatu na kicin, agogo ko ɗaya bai buga ba. Ta buɗe ƙofa ta leƙa. Ta ga maza biyu cikin baƙaƙen kaya suna sauka da wani dogon abu a rufe, Madam Odile na tsaye dafe da ƙofa. Bayanta ba kowa. Wannan ne ya tsaya wa Saudatu a rai. A Tarauni kafin a gama yi wa gawa wanka zaure ya cika, tsakar gida ta cika, har wanda mamacin ya yi shekara ba sa ga maciji ya zo ya zauna.

Ta ce ta jira awa guda mata su fara zuwa don ta shige cikinsu. Ta ji ƙarar matattakala sau ɗaya, mai kawo wasiƙa ne. Sai ta dama kunun gyaɗa, domin gidan rasuwa ba ya hura wuta, maƙwabta ke ciyar da shi. Ta zuba a langa, ta ɗauki tabarma, ta yi taku biyu ta ƙwanƙwasa.

Tsohuwar ta buɗe. Saudatu ta yi sallama, ta ce mata ya haƙuri, ta tuɓe takalmi, ta bi ta ƙarƙashin hannunta ta shige. Ta shimfiɗa tabarma a jikin bango, ƙarƙashin agogon da duk an tsayar da su, ta zauna ta miƙe ƙafa. Daga baya na ji cewa tsohuwar al'adarsu ce tsayar da agogo in mai gida ya mutu. A littattafan da na karanta ba a rubuta ba, ko kuma na tsallake wurin. Madam Odile ta yi ta magana. Duk inda ta numfasa sai Saudatu ta ce Allah ya ba da haƙuri. Da tsohuwar ta gaji ta jawo kujera ta zauna. Haka suka zauna har la'asar, Saudatu ta naɗe tabarma ta dawo ta dafa mini abinci. Ba ta gaya mini ba. Ni ma ban lura agogo ba sa bugawa ba, ina karanta wani abu mai muhimmanci da na manta ko mene ne.

Ran Laraba na dawo da wuri. A matattakala na haɗu da wani mutum mai ɗaure da naktai a wuya, ya ce shi ɗan mamacin ne, daga Lyon ya zo. A nan na ji rasuwar. Na yi masa ta'aziyya da jimlar da ta fi kowace kyau. Ya gode, sannan cikin ladabi irin nasu, wanda ya fi zagi ciwo, ya ce akwai wata baiwar Allah da ke zaune a ƙasa a falon mahaifiyarsa tun safe, an ce jiya ma ta zauna, yana zaton matata ce. Ya ce in aikin gida take nema, ya yi nadama, ba su da buƙata a yanzu.

Ban san yadda na hau sauran matakan ba. Ƙofar a buɗe take. Ga Saudatu a kan tabarma da carbi a hannu, ga tsohuwa a kujera da langarmu a cinya da cokali. Na ce da ita da Hausa ta tashi.

"Malam, yau kwana biyu ne," in ji ta a hankali.

"Tashi na ce."

Ta naɗe tabarma, ta ɗan rusuna wa tsohuwar, ta biyo ni. Langar ta bari.

A ɗaki na yi mata lacca, kuma laccar ta yi tsari, da gabatarwa da misalai. Na ce a ƙasar nan baƙin ciki abu ne na sirri, a bayan ƙofa ake yin sa. Na ce ba a shiga gidan mutum sai da gayyata, ko da gobara ce sai an yi sallama da wasiƙa. Na ce ɗan matar ya ɗauka aikatau take nema. Na ce shekara goma na yi ina karatu don kada Bature ya yi mini kallon da aka yi mini yau a matattakala, ita kuma ta rushe shi da kunu. Ta saurara har na gama. Tambaya ɗaya ta yi, ta ce to wa zai zauna da ita. Na ce wannan ba ruwanmu ba ne.

"To shi ke nan," in ji ta. "Na ba ka kunya, ka yafe ni. Ƙofa ɗaya na samu, ka rufe ta. Ba sai mun jira Maulidi ba."

Ta durƙusa ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado. Ba kuka, ba fushi. Ta fara ninke zannuwa ɗaya bayan ɗaya, yadda take yin kowane aiki, a tsanake, ba ta waiwaye.

Ni kuma na yi abin da na iya. Na zauna na rubuta wa Madam Odile wasiƙar ban haƙuri. Sau uku ina sakewa. Shafi biyu, na yi ta'aziyya, na yi bayanin bambancin al'adu, na roƙi afuwa a madadin matata wadda ba ta san ƙa'idar ƙasar ba, na tabbatar mata hakan ba zai sake faruwa ba. Ban taɓa rubuta Faransanci mai kyau irin na ranar ba. Da safe na tura ta ƙarƙashin ƙofarta.

Ran Alhamis aka yi jana'izar. Ba ni da darasi, ina gida. Ta taga na ga sun fita su biyar, na ga sun dawo su biyu, ɗan ya sumbaci uwarsa a bakin titi ya duba agogon hannunsa ya nufi tashar jirgin ƙasa. Saudatu ta gama ɗaure akwati, ta ɗora tabarma a kai. Bayan azahar aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Wata uku da rabi muna gidan, wannan ne karo na farko.

Madam Odile ce, cikin baƙar kwat, ko hular kanta ba ta cire ba. Hannu ɗaya langarmu, ɗayan wasiƙata. Wasiƙar ta fara miƙo mini.

"Irin wannan goma sha ɗaya na samu," in ji ta. "Taka ta fi kyau. Ina matarka?"

Ba ta jira amsa ba, ta bi ta ƙarƙashin hannuna ta shige, ko takalmi ba ta tuɓe ba. Saudatu ta miƙe ta karɓi langar da hannu biyu, ta ɗaga murfin. Yankin cuku ne a ciki, irin wanda in mun wuce shagonsa take toshe hanci. Ta juyo ta ce da ni in duba, ba ta dawo da kwano wofi ba, ai ta gaya mini matar nan 'yar gidan mutunci ce.

Tsohuwar ta ga akwati. Ta tambaye ni ko tafiya za a yi. Na ce matata ce za ta koma gida. Ta ce me ya sa. Na ce sanyi. Ta dube ni yadda nake duban ɗalibin da ya ce akuya ce ta cinye littafinsa. Sannan ta juya ga Saudatu ta yi magana, jimla uku, a hankali, tana kallon idonta. Da ta gama ta ce in fassara.

"Me ta ce, Malam?"

"Ta ce kunun ya yi daɗi. Ta gode."

Saudatu ta yi murmushi ta ce ba komai, ai yi wa kai ne. Madam Odile ta ce da ni harshenmu gajere ne ƙwarai. Na ce haka ne, mu mutane ne marasa ɓarnar magana. Ta sake yi mini kallon nan. Daga nan ta daina bi ta kaina. Ta je ta ɗauki tabarmar daga kan akwati da kanta, ta saƙale a hammata, ta kama Saudatu a wuyan hannu ta ja ta zuwa ƙofa. A bakin ƙofa Saudatu ta tsaya ta waiwayo.

"Malam, yau ne kwana uku."

Na ce ta je. Na faɗa da murya irin ta wanda ya yi alfarma.

Da la'asar ta dawo ta mayar da akwati ƙarƙashin gado, ba ta ce komai a kai ba, ni ma ban ce ba. Washegari da sha biyun rana agogo suka ɗauki bugawa a bayan bango, sun fi da rashin haɗin kai, domin su biyu suka ɗaura su, kuma ba wadda ta iya. Maulidi ya zo ya wuce. Takardar dokoki ta ci gaba da zama a bayan ƙofa har ta yi ja, Saudatu na rataye mayafinta a kai.

Shekara ukun da suka biyo su ne mafi daɗi a rayuwata, ko da yake a lokacin na ɗauka fama nake yi da karatu ne kawai. Kowace Talata da Juma'a su biyu suke zuwa kasuwa, doguwa da gajera, kwando ɗaya. Saudatu ta koyi Faransanci a bakin masu kifi da masu kabeji, ba nahawu ba ƙa'ida, amma in ta yi magana dariya ake yi da ita, ni kuwa murmushi ake yi mini. Madam Odile ta koyi cewa sannu da aiki, tana faɗa wa kowa har ɗan sanda. Tana cin tuwo da cokali mai yatsu. Miyar kuka ce dai ta ce sai a lahira. Saudatu na kiranta Inna. Mai sandar tsintsiya na ƙasa, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya koma shi ke hawo mana da buhun shinkafa. A shekara ta biyu aka haifi 'yarmu Hajara. Da aka zo wankan jego tsohuwar ta rantse dafa yarinyar mutane za mu yi, ta ce za ta kira likita, sannan ta yi kwana arba'in tana ɗora tukunya a kicinta tana kawowa. Kafin mu baro garin, a shagon burodi sunana mijin Madam Sauda.

Kullum ina jiran ranar da asirina zai tonu. Saudatu ta iya harshen yanzu, tambaya ɗaya ta isa. Ba ta taɓa yi ba. Me za ta tambaya? Mijinta malamin Faransanci ne, ya fassara mata.

Mun dawo Gyadi-Gyadi a 1982 da digiri da jaririya da agogon bango ɗaya da tsohuwar ta ciro ta ba mu. Sau biyu a shekara ake musayar wasiƙa, Saudatu na faɗa ina rubutawa, kuma wannan karon ban rage ko kalma ba. Bayan shekara biyar ɗan nan na Lyon ya aiko da kati cewa mahaifiyarsa ta rasu. Saudatu ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta yi kwana uku. Matan unguwa suka yi ta shigowa suna yi mata ya haƙuri a kan tsohuwar da ba su taɓa gani ba. Ba wadda ta ga abin mamaki a ciki.

Labarin kansa ya zama nata, tana ba da shi a biki da suna. Sunan da ta sa masa shi ne ranar da na kunyata Malam a Turai. Ta iya ba da labari. Takan kwaikwayi yadda ta shige ta ƙarƙashin hannun tsohuwa, da yadda na ce tashi, mata su yi ta dariya, maƙwabciyarmu Hajiya Hasana har da hawaye, tana cewa kai Saude, ƙauyanci dai ba ya jin jirgin sama. Kullum a wuri ɗaya take rufewa, ta ce Allah ya taimake ta tsohuwar mai haƙuri ce, Malam ma ya yafe mata. Ina falo ina ji, jarida a fuskata. Shekara goma sha bakwai ina ji. Na ce zan gaya mata in na yi ritaya. Na yi ritaya. Na ce in an aurar da Hajara. Mutumin da ya saba gyara wa kowa magana, tasa ce ke masa wuyar gyarawa, kuma duk shekarar da ta wuce sai abin ya ƙara nauyi.

Ranar Alhamis, ashirin da bakwai ga Mayu, 1999, saura kwana biyu soja su sake miƙa mulki, Saudatu ta faɗi a kicin da safe. Hawan jini ne. Kafin azahar ta cika. Bayan an dawo daga maƙabarta na shiga falo na tsayar da agogon bango. Mutum uku suka yi mini tayin kai shi wurin mai gyara a kasuwar Tarauni.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. A da nakan ce zaman makoki ɓata lokaci ne, har na taɓa rubuta hakan a jarida. Abokan aikina suka zo suka yi jimloli masu kyau suka tafi, wasu da ƙaramin rediyo a aljihu don kada rantsarwa ta wuce su. Amma akwai Ƙasimu mai faci na bakin titi, wanda shekara goma ina amsa gaisuwarsa da haɓa. Ya rufe rumfarsa ya zo ya zauna a gefena tun safe har la'asar, kwana uku. Bai ce komai ba sai ya haƙuri. Bai kawo hikima ba, ba shi da ita. In na ɗaga kai yana nan. Rana ta huɗu aka naɗe tabarmi, na fito na ga ƙofar gida fayau, sai na zauna a bakin zaure ni kaɗai. A ranar na gane me ya sa tsohuwa ta ƙetare taku biyu da hula a kanta.

Tabarmar kabar nan tana nan, ta zare a gefe ɗaya. Wasiƙar ma tana nan, har yanzu ban ga kuskure ko ɗaya a cikinta ba. Fassara ce kawai ta rage, kuma ni malamin fassara ne, bai kamata in bar aiki rabi ba.

Ga abin da Inna, Madam Odile, ta ce ranar, Saudatu. Ta ce in gaya miki shekara arba'in da ɗaya tana bayan ƙofar nan, ba wanda ya taɓa shigowa ba da gayyata ba, kuma ba ta san abin da take jira ke nan ba sai shekaranjiya. Ta ce in gaya miki ba ki yi kuskure ba, kada ki ba kowa haƙuri. Ta ce wasiƙar nan mai kyau, ke ya kamata in rubuta wa.

Ba ki ba ni kunya ba.